Sawun Hankaka a Ganye na Arba'in da Ɗaya

Anti Kamalam,

Ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Sau huɗu ina fara ta ina yagewa. Shekara goma sha ɗaya ina karanta filinki na jarida duk Lahadi, ban taɓa zaton wata rana ni ne zan kawo kuka ba.

Shekaruna arba'in da uku. Ina aiki a wani ɗakin ajiye tsofaffin rubuce-rubuce a nan Thrissur, kudancin Indiya, ba zan faɗi sunansa ba, sunayen mutanen da zan ambata ma duk na sauya su. A takardar ɗaukata aiki, ni mai kula da ɗaki ne: in buɗe tagogi, in kakkaɓe ƙura, in kwance ɗaurin ganyen giginyar da aka yi rubuce-rubucen a kai, in shafa masa mai don kada ƙwari su ci, in ɗaure in mayar. Karatuna bai wuce sakandare ba. Sai dai kakana na wajen uwa mai maganin gargajiya ne, littattafansa duk a ganye suke, kuma tun ina ɗan shekara tara ya zaunar da ni ya koya mini tsohon rubutun. Saboda haka nakan karanta haruffan da masu digiri suke tsayawa suna murza ido a kansu. Nahawun Sanskirit kam, harshen da aka rubuta littattafan da shi, ban sani ba sai tsinta-tsinta. Ina gane harafi, ba kullum nake gane magana ba.

Wata goma sha huɗu da suka wuce wata ɗaliba ta fara zuwa wurinmu, zan kira ta Malavika. Digiri na uku take yi. Tana bin wani tsohon sharhi ne a kan dokokin makarantun gargajiya, wane ne yake koyarwa, wane ne yake gadon wurin zaman malami idan ya rasu. Sanskirit a bakinta kamar ruwa, amma tsohon rubutunmu na ganye a hankali take bin sa, layi ɗaya sai ya ci mata rabin awa. Ɗaurin da take so kuma ya tsufa, ba a yarda ya fita daga ɗaki ba, ba a yarda a ɗauki hotonsa ba sai da izini daga sama. Da na ga wahalar ta yi yawa sai na ce ta bari in riƙa kwafe mata a takarda. Dokar wurinmu ta hana mai kula da ɗaki yin haka. Na sani, na yi. Ganye biyu a rana, tsakanin sha ɗaya da sha biyu da rabi.

A ganye na arba'in da ɗaya, layi na biyar, akwai wata jimla. A duk sauran kwafen littafin da aka sani, guda goma sha biyu, jimlar cewa take yi 'ya mace ba ta gadon wurin koyarwar mahaifinta. A namu babu kalmar korewar. Kalmar nan harafi ɗaya ce tak, "na", wato "ba". Da babu ita sai jimlar ta koma cewa 'ya tana gado. Kuma namu ne ake ganin ya fi dukkansu tsufa. Da baitin waƙa ne, ma'auni zai tona cewa gaɓa ɗaya ta faɗi. To zube ne, babu abin da ya yi ƙara.

Ranar da ta karanta kwafina, sai ta ce, "Yaya, ka tabbata?" Na kwance ɗaurin, na ɗora yatsana a ƙarƙashin layin, muka bi shi tare harafi bayan harafi. Babu "na". Ta fita baranda ta tsaya tana kallon ruwan sama. Daga baya na ji cewa mahaifinta yana da 'yar makarantarsa a ƙauye, ita kaɗai ya haifa, ita ya koyar, amma da ya rasu ɗan ƙaninsa aka zaunar a wurin. Ba ta taɓa gaya mini wannan da bakinta ba, ni ma ban taɓa nuna na sani ba.

Malaminta, Farfesa Sankaranunni, mutum ne da ba ya yabo. An ce ya taɓa mayar wa wani ɗalibi babi guda saboda wasali ɗaya da ya ja inda bai kamata ba. Amma da ta kai masa wannan, da ƙafarsa ya zo ɗakinmu, ya sa tabarau biyu, ya duƙa a kan ganyen, ya ɗago ya ce, "To. 'Yata, kin samo abu." Shi ya sa sunanta a taron da za a yi a Pune, na ɗalibai masu bincike a kan ilimin Indiya na dā. Kowa minti ashirin, sannan manyan malamai su yi tambayoyi. Bayan taro za a buga muƙalar. Yau saura kwana ashirin da uku.

Yanzu ga abin da ya faru. Izinin ɗaukar hoto ya fito, don ta nuna ganyen a allo. Ranar Talata huɗu ga wata, ƙarfe goma da minti arba'in na safe, na fito da shi in shirya shi. Kin san tsinken ƙarfen da ake rubutun da shi karce ganye kawai yake yi, ba ya barin launi. Sai an shafa mai da baƙin hayaƙin fitila, baƙin ya shiga cikin karcen, a goge sama, sannan rubutu ya fito. Rubutun ganyen nan ya koɗe, don haka na yi masa abin da nake yi wa kowane ganye kafin hoto. Ina gogewa da tsumma sai na ga wata 'yar alama ta taso a layi na biyar, tsakanin kalma ta uku da ta huɗu, inda da babu komai. Sawun hankaka. Ita ce alamar da marubuta suke sawa idan an tsallake wani abu, ma'ana duba gefe. Na duba gefe. Ga "na" nan zaune, baƙi wuluk, kamar tun ranar farko take wurin.

Ba ta da baƙi a da, shi ya sa ba mu gan ta ba, ni da Malavika da Farfesa da tabaransa biyu. An karce ta ne bayan an riga an shafa wa ganyen baƙi, ba a sake shafawa ba. Sai ni da hannuna na shafa.

Kada ki yi saurin cewa ba laifina ba ne. Ina rubuta dayari tun ina shekara sha shida, ban taɓa tsallake rana ba. Da na koma gida na ɗauko na bara na nemo ranar da na kwafe ganyen. Ga abin da na rubuta: "Ganye 41 da 42. Hadari, an ɗauke wuta tun tara. Ban karkata su a taga ba. Gobe in duba a haske." Abin da kakana ya fara koya mini ke nan, kafin ma haruffa: ka karkata ganye a hasken rana, ka bi gefensa da ido, saboda farin karce ba ya fitowa sai a karkace. Na buɗe shafin washegari. Na rubuta cewa bas ta makara, na rubuta abin da na ci da rana, na rubuta ganye 43 da 44. Ban koma ba. Na bi shafukan wata goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, ko zan ga inda na koma na manta. Babu.

Matata Rugmini na fara gaya wa. Tana ɓare rogo, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai da kake rubuta sau nawa ka yi atishawa, wannan ne ya wuce ka?" Da ta ga fuskata sai ta ajiye wuƙar ta ce, "Je ka gaya wa yarinyar mutane. In bakinka ya yi nauyi, ba ni lambarta." Amma ita ɗin ce bayan kwana biyu ta tambaye ni, in shugaban ɗakin ya ji ni na yi kwafin, me zai biyo baya. Shekara goma sha tara nake wurin nan, ban iya wani aiki ba, babu kuma mai neman wanda ya iya karatun ganye amma ba shi da takarda.

Ouseph, akawunmu, wanda muke shan shayi tare, shi dariya ma ya yi. Ya ce, "Malam sarkin tsoro! Ɗaure shi ka jefa a kabad ɗin gyara, ka ce ganyen ya tsage. Na taɓa raka wani irin taron nan. Bayan cin abincin rana rabin malaman gyangyaɗi suke yi, sauran rabin suna jiran a zo kan nasu ɗalibin. Wa zai taso daga Pune ya zo duba harafi ɗaya?" Ya ce in bar Malavika ta yi taronta lafiya, ta karɓi digirinta, in ya so bayan shekara biyu sai a gano abin a hankali. Ban ce masa e ba, amma ban ce a'a ba. Kuma zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba: na gwada ɗora 'yar takardar lamba a gefen ganyen, daidai kan harafin, na ga yadda hoton zai fito. Ya fito tsaf. Sawun hankakan kamar tsagewar ganye kawai. Na cire takardar, amma dai na gwada.

Sau biyu ina niyyar gaya wa Malavika. Ranar Alhamis ta zo da kunun shinkafa mai madara da mahaifiyarta ta dama mini, da tikitin jirgin ƙasa, nawa, zuwa Pune. Ta ce in zauna in riƙe agogo ta gwada karatun muƙalar. Minti goma sha tara da daƙiƙa goma. A ƙasan shafin farko ta yi godiya ga mutum uku, ni ne na uku, da cikakken sunana. Ban taɓa ganin sunana a rubutun inji ba sai a katin shaida. Ta ce akwai wani tsohon malami daga Varanasi da ba ya fashin taron, tambayarsa ɗaya ce ga kowane ɗalibi: ka ga ganyen da idonka? Ta ce, "In ya tambaye ni, Yaya, sai in nuna ka a kujerar baya in ce ga idona can." Tana dariya. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ki rage gudu a shafi na uku."

Ta tambayi hoton, na ce man bai bushe ba. Man nan yini ɗaya yake bushewa. Yau kwana goma sha biyu da shafa shi.

Anti, ina ta lissafin abin ta kowane gefe. In na faɗa yanzu, muƙalar ta rushe, babi biyu na kundinta sun rushe, kuma ita za ta je gaban Farfesa ta ce abin da ya yaba babu shi. Ban san ko zai yafe mata ba, don shi ma ya duƙa a kan ganyen bai gani ba, kuma manya ba sa son a tuna musu irin wannan. In na yi shiru, wataƙila ta wuce lafiya, wataƙila kuma wani ya tashi a gaban mutum ɗari biyu ya nemi ganin gefen ganyen. Wani lokaci sai in ce wa kaina, ni wane ne ma da zan sa baki a maganar masana? Ai mai shafa mai ne ni. Wani lokaci kuma in ce, da na tsaya a shafa man da duk haka ba ta faru ba.

Wa zan fara gaya wa, ita ko malaminta ko shugabana? Kafin taro ko bayansa? Ko kuwa Ouseph ne yake da gaskiya, ni ne nake mayar da harafi ɗaya dutse? Abinci ba ya shiga, dayarin ma kwana uku ke nan kwanan wata kawai nake rubutawa in rufe.

Naki,
Mai Shafa Mai, Thrissur

*

Ɗan'uwana Mai Shafa Mai,

Na tsallake wasiƙu bakwai na sa taka a gaba, saboda taka tana da agogo. Ranar da za ka karanta wannan saura kwana goma sha shida. Ka gaya wa Malavika gobe Litinin da safe. Ita za ka fara gaya wa, ba malaminta ba, ba shugabanka ba. Aikinta ne, sunanta ne a kai, kada ta ji labarin daga sama.

Ban raina tsoronka ba. Shekara goma sha tara ba wasa ba ce, kuma tambayar da matarka ta yi tambaya ce ta mai hankali. Ouseph ma ba wawa ba ne. Na yi shekaru ina koyarwa kafin in fara wannan fili, na zauna a irin tarukan nan, gyangyaɗin da ya faɗa gaskiya ne. Zai yiwu ƙwarai ta karanta muƙalarta a tafa mata a tashi. Amma shawararsa a ranar taro ta tsaya, ganyen kuwa yana nan bayan taro. Muƙalar da aka buga tana kiran mutane su zo su duba, musamman irin wannan da ta saɓa wa kwafe goma sha biyu. Wata rana wani zai kwance ɗaurin, ya ga harafin nan baƙi ƙirin a gefe, wanda ko yaro ba zai tsallake ba. Ba zai ce yarinyar ta yi kuskure ba. Cewa zai yi ta gani ta ɓoye. Kuskuren ɗalibi ana mantawa da shi kafin shekara. Wancan sunan kuwa da shi za ta tsufa.

Akwai kuma abin da ka rubuta da hannunka amma ban ga alamar ka tsaya a kansa ba, don ka shagala da dukan kanka. Ka ce harafin fari ne kafin ranar Talata. Ka ce an karce shi ne bayan an gama ganyen an shafa masa baƙi. To yanzu duk duniya mutum nawa ne suka san haka? Kai kaɗai ka ga lokacin da ya taso. Idan ka yi shiru, ba kuskurenka kawai ka binne ba, har da wannan shaidar. Ni ba masaniyar ganye ba ce, kuma ba zan yi maka alkawarin cewa wannan zai ceci muƙalar ba. Wataƙila marubucin ne da kansa ya lura ya tsallake kalma, ya gyara bayan awa ɗaya, shi ke nan magana ta mutu. Wataƙila kuma wani ne daban, bayan shekara ɗari, jimlar ba ta yi masa daɗi ba. Rarrabe wannan aikin Malavika ne da malaminta, su suka san yadda ake gwada hannu da hannu. Naka shi ne ka ba su abin da ka gani. Ka zauna yau ka rubuta shi a takarda ɗaya, da rana da lokaci, yadda ka saba, ka haɗa da shafin dayarin bara, ka sa hannu.

Game da laifi, ɗauki naka ka bar wa mutane nasu. Ka ce za ka duba a haske ba ka duba ba, wannan naka ne, ka faɗe shi ba kwana-kwana. Amma wadda za ta gina babi biyu a kan rashin harafi ɗaya, ita ya kamata ta juya ganyen nan sama da ƙasa har sai ya gaji da ita. Ta so jimlar ta zama gaskiya, kuma da dalilinta, wanda ya so abu kuwa ba ya tsananta bincike. Farfesa ma ya duba. Ba na ce ka je ka karanta musu wannan ba. Na faɗa ne don kada ka shiga wurinta kamar wanda ya yi kisa, har ta koma ita ce mai lallashinka a ranar da ita take buƙatar a lallashe ta. Kwance ɗaurin, nuna mata, faɗi abin da ya faru a jimla biyar, ka yi shiru. Idan ta tambayi kwanakin da ka yi kana riƙe da maganar, ka ce tsoro ka ji. Idan ta yi fushi, tana da hakki, kada ka tare ta. In ta tashi ta fita, bar ta ta fita.

Bayan ta nutsu, ita za ta je wurin malaminta, ka ce mata a shirye kake ka raka ta in tana so. Malamin da yake mayar da babi saboda wasali ɗaya zai yi faɗa, babu shakka, amma irinsu sun fi jin zafin ɗalibin da ya bari aka kunyata su a bainar jama'a fiye da wanda ya zo musu da gyara a ofis. Shugabanka kuma kai za ka same shi da kanka a satin nan, kafin maganar ta zagayo masa. Ka karya doka, zai yiwu a ja maka kunne a rubuce, ba zan ce maka ba za a yi ba. Ina dai shakkar a kori mutumin da shi kaɗai yake karanta abin da aka tara a ɗakin.

Tikitin nan kada ka mayar mata, kada kuma ka tambaye ta ko har yanzu tana son ka je. Sunanka a ƙasan shafi ma haka. Bar mata ta yanke.

Kwana goma sha shida sun isa a sake muƙalar minti ashirin, sun kuma isa a janye ta cikin mutunci idan abin da ya rage bai kai a tsaya a kansa ba. Kwana biyu ba za su isa ko ɗaya ba. Don haka kada ka ƙara ko yini.

Ina yi wa Malavika fatan duk ranar da ta tsaya gaban malaman nan, a wannan taro ko a wani, ta tsaya da abin da za ta iya karewa har ƙarshe, ko da ya fi wanda ta yi mafarki ƙanƙanta. Kai kuma Ubangiji ya sassauta maka safiyar gobe, ya ba ka bakin magana. Ka gaishe mini da Rugmini.

Anti Kamalam